Ranar da Na Ce Kibiyata Ta Ɓace a Ciyawa

Ɗakin Kaka Falmata shi ne na ƙarshe a gidanmu na Dala, can ƙurya, inda katanga ta jingina da wata tsohuwar kurna. In ka tsaya a bakin ƙofarsa ka ɗaga kai, dutsen Dala ne zai cika maka ido, shiru, kamar baƙon da ya zauna yana jiran a kawo masa ruwa. Kakanninmu daga Barno suka zo tun kafin a haifi mahaifina, suka zauna da karatu da sana'ar dukanci, suna ɗinka gafakar Alƙur'ani da jakunkunan malamai. Duk gidan mun zama Kanawa, harshe da ɗabi'a, in ban da Kaka. Ita kam har ta koma ga Allah Hausarta ba ta miƙe ba. Tana da wani lanƙwasa mai daɗi, in tana magana sai ka ɗauka rerawa take yi.

Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta kwaso garwashi daga murhu a kaskonta, ta ajiye a bakin ƙofa, ta barbaɗa turaren wuta. Wannan ƙamshin shi ne kiranmu. Ba a aiken kowa ya tara yara, hayaƙin ne ke bin lungunan gidan yana zaƙulo mu ɗaya bayan ɗaya. Mukan kai mu takwas a tabarma guda, da 'ya'yan baffanni da na maƙwabta, muna ture juna a kan wanda zai fi kusa da kasko. Lokacin kaɗan ne, daga nan zuwa kiran isha'i, don haka ko faɗa ya taso ba ma bari ya yi nisa.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin unguwa suke yi. Sai ta gasa tafin hannunta a wuta, ta murza, ta ce, "Ku matso, na ɗebo muku wata daga bakin tabki."

Mu haɗa baki mu ce, "Zubo mana, Kaka."

Ni ne nake yawan gyangyaɗi, saboda ɗumin wuta ba ya bari na. Da ta ga kaina ya fara rinjaya sai ta taɓa ni da maficinta. "Kai maigida, in barci ka zo yi koma ɗakin uwarka. Ni ba na zama da miji mai gyangyaɗi." Yara su kwashe da dariya, ni kuma in gyara zama ina mutsitstsike ido.

Tatsuniyoyinta da yawa sun bi iska, sai dai guntaye da nake tsinta jefi-jefi. Amma akwai guda da ta zauna daram, ta wani masaƙi.

Wai a wani gari na bakin ruwa an yi wani masaƙi mai suna Bukar. Tun yana yaro yake zaune a gaban masaƙa, har furfura ta cika masa gemu, bai taɓa wuce gonakin bayan gari ba. Sai maharbin garin ya rasu bai bar magaji ba. Bakansa da kwarinsa suka yi wata da watanni a rataye a zaure, ba mai kallonsu. Wata safiya Bukar ya zo wucewa, iska ta taɓa tsirkiyar bakan, ta yi wani kuka siriri. Ya tsaya. Bai san dalili ba, ya shiga ya sauke bakan ya tafi da shi gida.

Mutanen gari suka yi ta dariya, wai tsoho zai fara abin da yara suke farawa. Bai kula ba. Kullum da yamma ya kafa ƙwarya a kan kututture ya yi ta harbi, yau ya samu katanga, gobe ya samu rumbun maƙwabci, har wata rana ƙwarya ta fashe. Washegari ya rataya kwari ya nufi bakin tabki.

A nan Kaka takan rage murya, dole mu matso har gwiwoyinmu su taɓa nata.

"Sai ga barewa ta fito daga cikin kyauro. Cikinta fari kamar nonon da aka tatso yanzu. Ta sa baki a ruwa, ruwan ma bai motsa ba don kunyarta."

Bukar ya ja baka, ya saki. Kibiya ta kafe a kafaɗar barewa, ba ta shiga inda ya kamata ba. Barewa ta yi tsalle ta faɗa cikin kyauro da kibiyar a jikinta. Bukar ya tsaya yana kallon inda ta shige. Rana ta fara zafi, daji baƙo ne a wurinsa, gida kuma ga shi nan kusa, har yana jin dakan mata. Ya ce wa kansa, ai za ta karkaɗe ta ta faɗi. Ya waiga hagu da dama, ba kowa. Ya koma gida.

Da yamma kafaɗarsa ta fara ciwo. Da gari ya waye ya kasa jefa ƙoshiyar saƙa. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, a banza. Da ƙyar ya lallaɓa ya saƙa ɗan ƙyalle da hannu ɗaya, sai ga wani jan layi ya bi tsakiyar farin saƙin, alhali ko zare ɗaya ja babu a gidan. Wata tsohuwa mai tallan kifi ta ga ƙyallen, ta dubi kafaɗarsa, ta ce masa, ciwon nan ba naka ba ne, mai shi tana daji.

Sai Bukar ya tashi. Bai san bin sawu ba, don haka ya riƙa tambaya. Ya tambayi ciyawa, ta nuna masa inda aka kwantar da ita. Ya tambayi yashi, ya nuna masa ƙafa uku da suka nutse da ta huɗu da aka ja. Ya tambayi gauraki, suka ce sun ga wata ta wuce tana ɗauke da itacen da bai tsiro a jikinta ba. Kaka takan ɗora yatsu biyu a kan tabarma ta riƙa tafiyar da su a hankali, su hau ƙafar wannan su sauka a ta wancan, mu kuwa ko numfashin kirki ba ma yi. Ni a lokacin tsakar gidanmu ɓacewa take yi. Hayaƙin turare ya zama hazon bakin tabki, inuwar kurna ta zama daji, har ina jin sanyin laka a tafin ƙafata.

Abin da ya bambanta tatsuniyar nan da sauran shi ne, ba ta da ƙarshe guda. Wata rana Kaka ta ce ya same ta a bakin wani ƙaramin ruwa, ya durƙusa ya zare kibiyar, ya ɗaure raunin da farin saƙinsa, ta tashi ta tafi, tun daga nan kuma duk barewar da aka gani da fari a kafaɗa jikarta ce. Wata rana ta ce ya tarar ta galabaita, ya yi bismillah ya yanka ta, naman ya ishi garin duka har da matafiya. Wata rana kuma ladan ya riga ta, ta kakkaɓe zani ta tashi alwala, ta bar Bukar a tsakiyar daji.

Na taɓa ƙuluwa na ce, "Kaka, wai wanne ne na gaskiya? Jiya kin ce ta tashi, yau kin ce an yanka."

Ta juya garwashi da tsinke, tartsatsi ya tashi ya mutu a iska. Ta ce, "Maigida, ni dai na san ya bi ta. Abin da ya tarar kuwa, ya danganta da lokacin da ya tashi."

Ban gane ba. Na ɗauka dabara ce irin ta tsofaffi, in sun manta ƙarshen labari.

Kaka ta rasu ina ɗan shekara goma sha tara. Na gaji basillar mahaifina da wurin zamansa a zaure. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu da matata Hajara, babbarsu Fanna. Shekara talatin ina zaune a kan fata guda, ina huda ina ɗinki, har ya zamana in na dubi gafaka daga nesa zan faɗi hannun da ya yi ta. Duniyata ba ta wuce zaure da masallaci da kasuwar fata ba. Ina da shekara arba'in da bakwai likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, in ban riƙa motsa jiki ba zaman zai kayar da ni. Na yi kwana uku ina zagaya dutsen Dala da safe, na huɗu na ga ba ni da dalilin zagayen, na daina.

A cikin wannan watan ne wani tsoho ya yi sallama a zaurena da kwari a hannu, ɗinkinsa ya farke daga baki har gindi. Sunansa Baba Tanko. Maharbi ne na wani ƙauye da ke kudu da birni, tsufa ya sa ɗansa ya dawo da shi kusa da shi a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, amma duk bayan 'yan makonni sai ya gudu daji. Na gyara masa kwarin da jar fata mai kauri. Ranar da ya zo karɓa, bakansa na rataye a kafaɗa. Baƙi ne wuluk, ya sha hannu har yana sheƙi.

Na ce, "Baba, a ba ni in riƙe mana."

Ya miƙo. Na ja tsirkiya, ko rabin hanya ban kai ba hannuna ya hau karkarwa. Da na sassauta a hankali sai ta yi wani ɗan ƙara a kusa da kunnena. Na daɗe rabona da in ji wani abu ya ratsa ni haka.

Baba Tanko ya yi dariya. "Malam, hannun basilla gare ka. Yatsu akwai ƙarfi, kafaɗa babu kowa a gida."

"Ana koya wa mai furfura?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga ba wasa nake yi ba. Ya ce, "Ka zo ranar Lahadi da safe. In ka dawo Lahadi ta biyu, sai mu yi magana."

Da na gaya wa Hajara, tana tankaɗe ne, ta ajiye rariya ta zuba min ido. "Abban Fanna, mutane in sun fara girma carbi suke ƙara ja. Kai kuma baka?"

"Likita ne ya ce in motsa jiki."

"Likitan ne ya ce ka je ka tsone idon mutane?" Ta ɗauki rariyarta tana murmushi. "To Allah ya tsare. Amma kar ka shigo min da shi ɗaki."

Akwai wani kango a bayan gidan ɗan Baba Tanko, a nan muka rataye buhu cike da ƙaiƙayi. Lahadin farko kibiya goma na harba, ba wadda ta gaisa da buhun. Tsirkiya kuwa ta yi ta zabga min bulala a dantse, har wurin ya kumbura ya yi baƙi. Na koma gida na ɗinka wa kaina mayanin fata na ɗaura, na dawo Lahadi ta biyu. Baba ya ga mayanin ya jinjina kai, ya ce in ɗinka masa irinsa.

Abin da ya fi yi min wuya ba nauyin bakan ba ne. Ni mutum ne da aka saba kawo wa aiki ana cewa, Malam duba mana. Yau ga ni a tsaye kamar sabon ɗalibi, wani yana buga min ƙafa da sanda yana cewa buɗe, yana danna min gwiwar hannu yana cewa ɗaga. "Kana riƙe numfashi kamar mai shiga rijiya," in ji shi. "Sake shi. In ya fita rabi, yatsunka za su buɗe da kansu." Na yi wata biyu kafin in ji abin da yake nufi. Ranar da na ji shi kuwa, ban ma san na saki ba. Sai dai na ga kibiya a tsakiyar buhu tana kaɗa gindi, duniya ta yi tsit, kamar an tsoma ni a ruwa mai sanyi.

Sharuɗɗansa ba su da yawa. Ba zai ba ni kibiya mai dafi ba, don kar in karce kaina. Ba a sakin kibiya sai da bismillah. Na ƙarshe kuma ya maimaita shi ya fi a ƙirga: "Duk abin da ƙarfenka ya taɓa, a wuyanka yake har ka ga ƙarshensa."

Bayan wata takwas, da aka gama cire amfanin gona, ya ce in shirya. Muka shiga mota zuwa ƙauyensu, muka kwana a gidan ƙanensa. Da muka idar da sallar asuba muka kama hanya a ƙasa. Ni da ban taɓa yin tafiyar awa guda a jere ba, kafin rana ta ɗaga ƙafafuna sun fara kuka. Ya zaunar da ni a bayan wata sabara, kusa da wani rafi da ya kusa ƙafewa, iska na bugo min fuska. Ya ce shi zai zagaya ta bayan tudu, in zauna kamar kututture.

Ban taɓa sanin shiru yana da launi-launi ba sai ranar. A birni ko da asuba akwai abin da ke ƙara, injin markaɗe ko keke mai ƙafa uku. A nan sai na fara jin ganye ɗaya in ya faɗo. Wani tsuntsu yana maimaita magana guda a can nesa. Hasken hantsi ya zubo ta tsakanin rassa yana rawa a kan ruwa, har na rasa ko a farke nake ko mafarki ne ya ɗauke ni daga zaure.

Sai ga gada. Ban ga fitowarta ba, kawai na ga tana wurin. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai akuya ba, jikinta kalar ƙasa, hancinta baƙi yana sheƙi. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta sunkuya ga ruwa.

Na yi bismillah a zuci na ja. Amma duk abin da na koya a kango ya gudu ya bar ni. Na riƙe numfashi, zuciyata na dukan haƙarƙari, na saki kafin hannuna ya tsaya. Na ji ƙarar shigar kibiya, wata irin ƙara mai taushi wadda buhu bai taɓa yi ba. A ƙugu ta same ta, can baya. Gada ta yi wani ɗan kuka, ta wuntsila, ta tashi ta faɗa cikin sarƙaƙiyar ƙaya da kibiyata a jikinta.

Na je wurin. Ga ɗigon jini uku a kan busasshen ganye. Na dubi sarƙaƙiyar, duhu ne a ciki ko da rana. Ƙafafuna sun gaji, ban san gabas ba ban san yamma ba. Amma gaskiyar magana ba tsoron ɓata ne ya riƙe ni ba. Kunya ce. Wata takwas mutumin nan yana ɓata safiyarsa a kaina, ga shi na yi harbin da ya fi kuskure muni. Na waiga, ba kowa. Na sa takalmi na tura ƙasa a kan ganyen.

Jim kaɗan Baba Tanko ya ɓullo. "Na ji kukan tsirkiya. Yaya?"

Na ce, "Kuskure na yi, Baba. Gada ce, ta samanta ta wuce. Kibiyar ta ɓace a ciyawa."

"Ba komai, Malam. Kowa da haka ya fara. Kibiya kuma kyauro ne, za mu yi wata."

Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Muka ƙara gaba muka yi wani zaman a wani wuri, ba abin da ya fito. Da rana ta take muka zauna a gindin ɗorawa, ya kwance gorar fura da ƙuli-ƙuli, yana ba ni labarin harbinsa na farko, yadda ya samu gindin bishiya maimakon zomo. Ina ta gyaɗa kai, ina jujjuya gorar a hannu. Kafaɗata ba ta yi ciwo ba, ba wani jan layi da ya fito a rigata. Can nesa dai wani manomi yana ƙona karan gona, iska ta kawo hayaƙin. Kawai sai na ga yatsu biyu suna tafiya a kan tabarma, na ji muryar da na yi shekara kusan talatin ban ji ba, da lanƙwasarta da komai.

Na ajiye gora. "Baba, ƙarya na yi maka. Na same ta. A ƙugu."

Dariyar fuskarsa ta ɗauke. "Yaushe?"

"Tun harbin hantsi."

"Innalillahi." Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya toshe gorarsa. Ya ce, "Tashi."

Muka koma rafin, na nuna masa inda na rufe da ƙasa. Ya dubi wurin, ya dube ni, na gwammace ƙasar ta rufe ni ni ma. Ya shige sarƙaƙiya a sunkuye, na bi shi. Ko cikin fushi bai daina koyarwa ba, sai dai da sanda yake yi, ba da baki ba. Ya nuna jini a jikin ciyawa, daidai tsayin gwiwa. Ya nuna inda kofato ya ja layi a yashi. Ya nuna wani wuri da ganye ya kwanta ya jiƙe, a nan ta huta. Muka sami irin wannan wurin har sau uku, kowanne ya fi na baya kusa da ɗan'uwansa. Ƙaya ta yayyaga min riga da dantse. Muka yi taimama muka yi azahar a kan wani falalen dutse, muka ci gaba. Ban ƙara jin gajiyar ƙafa ba. Addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa mu same ta da rai.

Gab da la'asar muka same ta a cikin wani kwazazzabo, kusa da ɗan ruwan da ya taru a gindin dutse. Ta miƙa wuya wajen ruwan, saura taki biyu ta kai. Baba ya durƙusa ya ɗora hannu a cikinta.

"Da ɗuminta," ya ce. "Ba ta daɗe ba. Da tun hantsi muka taso, a makwancinta na farko za mu same ta, ka yanka ta ta huta."

Na tsaya a kanta. Idonta a buɗe yake, ƙura ta fara hawa kansa.

Ya ɗago ya ce, "Malam, kai ne ɗan gidan malamai. Mene ne hukuncinta?"

Na san amsar. A zaurenmu na karanta ta a gaban mahaifina, ina yaro, ina hamma, ina tunanin me ya haɗa baduku da babin farauta. Dabbar da maharbi ya yi sakaci wajen binta har ya tarar ta mutu, alhali da ya hanzarta zai iya yankawa, ba a cinta.

Na ce, "Ba ta halatta ba, Baba."

"Haka na sani ni ma."

Ya zare kibiyar, ya goge ta da ganye, ya sa a kwarinsa. Muka tona rami da ɗan gatarinsa, ni na fi yin tonon, muka rufe ta muka ɗora duwatsu. Da muka gama ya miƙo hannu. Ban tambayi me yake so ba, na sauke bakan daga kafaɗata na ba shi.

Na dawo Dala washegari da yamma, hannu biyu ba komai. Hajara ta ga rigata ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta dubi fuskata ta fasa. Na gaya mata duka, har da takalmin. Ta ɗora ruwan zafi, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ɗauko allura ta yi ta cire min ƙaya daga dantse ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama ta ce, "Za ka koma?"

"In ya yarda."

"To ka koma. Kar ka bari wannan ta zama ita ce ta ƙarshe da za ka riƙa tunawa."

Wata huɗu Baba Tanko yana tafiya da ni daji ba baka. Aikina bin sawu kawai. Ya nuna min tabo a ƙasa ya ce, na wane ne, yaushe ya wuce, gudu yake ko kiwo. A cikin waɗannan tafiye-tafiyen ne na yi ta juya maganar Kaka. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar jarumta ce, ta tsohon da bai ji tsoron dariyar mutane ba. Ashe harbin ba shi ne labarin ba. Kowane sabon hannu zai yi mummunan harbi, wannan ba makawa. Labarin yana cikin ɗan lokacin nan da ke tsakanin ɓarna da amsa ta, lokacin da mutum yake waige ya ga ko an gan shi. Ita ba ta taɓa ba mu ƙarshen da na tarar ba, wataƙila don ta ga mu yara ne, ko kuma ta faɗe shi a wata ranar da gyangyaɗi ya ci ƙarfina. Na kuma gane cewa yaro in ya yi kuskure kuka yake yi a ji. Babba ne, wanda ya saba a ce masa gwani, yake tura ƙasa da takalmi. Shekarun da na yi ba mai gyara min aiki sun mantar da ni yadda ake cewa ban iya ba.

Wata safiya da damina ta kusa, muna tsaye a bakin wata gona, Baba ya sauke bakan daga kafaɗarsa ya rataya min ba tare da ya dube ni ba. Ya nuna gaba da haɓa. Garken zabi ne suna tsattsagar ƙasa. Na jira numfashina ya fita rabi. Kibiya ta tafi, zabuwa ɗaya ta kife a wurin, sauran suka tashi da kururuwa. Ban san lokacin da na zabura ba. Na tsallake kunyoyin gonar nan da gudu, wuƙa a hannu, hulata ta faɗi ban tsaya ba, ni da likita ya ce in riƙa tafiya a hankali.

Ina jin muryarsa a bayana yana shaƙewa da dariya. "Malam! A hankali! Wannan ba inda za ta!"

Na same ta tana shure-shure, na fuskantar da ita alƙibla na yanka. Sannan na zauna a kan kunya ina haki, ido ya cika min da ruwa. Baba ya iso da hulata, ya kakkaɓe ta ya ɗora min a kai.

A gida Hajara ta ɗaga zabuwar ta ƙafa tana jujjuya ta a gaban yara. "Shekara guda da 'yan kai, zabuwa ɗaya. Abban Fanna, unguwa za a raba wa ko dangi za a fara kira?" Ta yi farfesu da citta da masoro, mu shida muka zagaye kwano. Cinya ɗaya ta zuba a 'yar langa ta rufe, ta ce wannan ta Baba Tanko ce, kuma ni zan kai masa da ƙafata tun da zafinta. Na ci fiffikena a tsaye, na ɗauki langar, na kama hanyar Ƙofar Ɗan Agundi a ƙasa.